Bargon da Sikeli Ya Ƙi

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Baba? Ya Yaya da yaranta? Ni lafiya lau, farcen ƙafa biyu ne kawai suka fita, kuma an ce kowa da haka ya fara.

Kin tambayi rundunarmu. 'Yan Sauri ake ce mana. Shekara talatin ke nan, 'yan bindiga suka kewaye wani ƙauye, ga ruwa ya cinye gada, motocin soja suka tsaya. Sojoji arba'in suka zubar da kayansu, suka ratsa ruwan da ƙafa, suka ceci mutanen. Sajenmu yana cikinsu. Duk furfurarsa, wallahi har yau ba mai kamo shi a gudu.

Tun daga ranar ake auna jakar kowa. Bargon da kika aiko ya yi nauyi. Saje ya ce, "In an kira mu, mutum za ka goyo ko bargo?"

Sai ya yanko min gefen bargon kamar tafin hannu, ya cire hularsa ya nuna min nasa ƙyallen, na mahaifiyarsa, duk ya koɗe.

Na ɗinke nawa a hula. Akwai sanyi kam, Inna, amma ban da kaina.

Ki sa mana albarka.

Autanki