Dodon da Ke Riƙe da Takalmina

Anti,

Don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yi dariya. Na san yadda maganar za ta faɗo a kunne: magidanci mai furfura a gemu yana kishin ƙaninsa a kan dodo, dodon ma na cikin waya. Abokin ɗakina mai walda ne, da na ba shi labari sai da ya ƙware da ruwa. Shi ya sa na kawo kukana wurinki, ke ba ki san fuskata ba.

Na daɗe da barin gida. Lokacin da na fito 'yata ba ta shiga makaranta ba, yanzu tana shirin gama firamare. A ɗakin wanki na wani babban otal nake aiki, can ƙarƙashin ƙasa, babu taga. Zanen gado ya fito daga inji da zafinsa, mu kama shi mu biyu, mu miƙa wa injin guga, ya fito ta ɗaya gefen mu ninke. Wanda muke kama zanen tare ba ya jin yarena, ni ma ba na jin nasa, da kai da gira muke magana. Sai in yini bakina bai furta kalmar Hausa ko ɗaya ba. Abin da ya riƙe ni duk shekarun nan wani zaure ne na intanet, inda nake shiga lokacin hutun cin abinci.

Bari in yi miki bayaninsa. Akwai dodannin da intanet ta haifa. Wani ya haɗa hoto mai duhu ya saki, ba suna ba gari, mutane su yi ta yaɗawa suna tsorata juna. Mu a zaurenmu, masu jin Hausa ne warwatse a duniya, kuma aikinmu nema wa irin waɗannan dodanni asali. A ɗauko dodo guda, kowa ya rubuto ƙasar da yake ganin daga can ya fito, da yaren da yake gunaguni da shi, da abin da aka yi masa har ya zama haka. Wani ya ce ai wannan dogon wuyan sai ƙasar ƙanƙara, wani ya ce ƙarya ne, tafiyarsa ta mutanen bakin teku ce, a yi ta musu kamar gado ake rabawa. A ƙarshe a yi ƙuri'a. Wanda ya ci, a kafe labarinsa a saman zaure, daga ranar asalin dodon ke nan, ba a sake taɓawa. Ina cikin waɗanda aka fara abin da su, Dattijo ake kirana, amma ba a taɓa kafe nawa ba. Kullum na biyu ko na uku.

Dokokinmu biyu ne. Duk labari sai da hoton shaida daga wurin da ka ce dodon ya fito. Sannan ba a kafe labarin sabon shiga sai wanda ya kawo shi zaure ya rubuta a fili cewa ya tsaya masa, aikinsa ne. An yi fama da ɓarayin labari a baya, shi ya sa. In aka tabbatar da sata, kora ce.

To, sai aka ɗauko Mai Takalmi. Hoton mutum ne tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa a duhu, ƙafarsa ba komai, takalminsa a hannu. Ina ganinsa na ce wannan namu ne. Na rubuta cewa matafiyi ne da ya dawo gida bayan shekaru, ya cire takalmi, ya yi sallama, amma babu wanda ya gane muryarsa, babu wanda ya ce ya shigo. Tun daga nan yake bin ƙofofi yana jira a amsa masa. Ban taɓa rubuta abin da ya fito daga cikina irin wannan ba. A raina na ce bana dai nawa za a kafe.

Saura hoton shaida. Na kira ƙanina, mai gyaran babur ne, shi ke zaune da mahaifiyarmu da iyalina a gidanmu. Na tura masa labarin don ya san irin hoton da zai ɗauka mini na ƙofar gida. Ya karanta ya ce abin ya burge shi, in sa shi a zauren ya riƙa kallo. Na sa shi. Da hannuna, Anti. Wayar da ya shiga da ita ma ni na aika masa.

Abu na farko da ya soke ni hoton ne. A labarina na kwatanta ƙofar katako mai shuɗin fenti, mai ƙara in an tura. Hoton ya zo da ƙofar ƙarfe, fara fes. Ashe an canza tun tuni, ba wanda ya ga abin ya isa a faɗa mini. 'Yan zaure suka yi ta tsokana wai Dattijo ya manta hanyar gidansu, wai a haɗa masa da ɗan rakiya. Na yi dariya tare da su, me zan yi?

Ba a jima ba sai ga ƙanina ya saki nasa labarin. Ya ce Mai Takalmi ba shigowa yake yi ba, fita yake yi. Ya cire takalmi ne don kada yarinyar da ke barci ta ji tafiyarsa. Kuma duk ƙofar da ya tsaya, wani a gidan zai tashi ya tafi ba sallama. Yarinyar kuwa tun ranar ba ta tsoron ƙarar takalmi, shiru take tsoro, don ta gane mai tafiya na gaske ba a jin sawunsa.

Zan faɗi gaskiya, don ban saba tauye wa mutum haƙƙinsa ba: nasa ya fi nawa. A kan benci na karanta, abinci a cinyata. Zaure ya ɗauka da yabo. Mutanen da na yi shekaru ina gyara wa rubutu suna kiransa gwani, shi da ko alamar tambaya ba ya sawa. Amma ba wannan ya fi ƙona ni ba. Ranar da na bar gida, mahaifiyarmu da matata su suka ce kada in tashi yarinyar, kukanta zai karya mini zuciya. Na bi maganarsu, na fita da sabon takalmin tafiyata a hannu. Ƙanina ne ya riƙe mini jaka, shi ya gani. Abin da ya faru tsakanina da ƙofar gidanmu ya ɗauka ya shimfiɗa a gaban baƙi, suna tafa masa.

Sannan bayan hoton ƙofa ya haɗa da zane, ya rubuta a ƙasa cewa 'yar wansa ce ta zana. 'Yata. Ni ban ma san tana zane ba. Ta zana dodon da takalmi a hannu, kuma na gane takalmin: tsohon sau-cikina ne ruwan ƙasa da na bari a gida, har da facin gefen hagu da mai gyara ya ɗinke da baƙin zare don ba shi da kalar. Ta sa shi yana ƙyalli. Na yi ta tunanin su biyun zaune a tsakar gida, kai da kai, yana cewa ƙara duhu nan, tana dariya. Shi yake sa hannu a takardun makarantarta, shi ya san abin da take tsoro, shi yake jin muryar mahaifiyarmu ba ta waya ba. Ni zaure ɗaya nake da shi a duniya inda ake sanina, nan ma ya biyo ni ya zauna a gaba.

Yanzu ƙuri'a ta kusa rufewa. Nasa ne a sama, nawa ke biye. Ba za a kafe nasa ba sai na tsaya masa. In na yi shiru, nawa za a kafe. In kuma na ce ya karanta nawa kafin ya rubuta nasa, wanda ba ƙarya ba ne, korarsa za a yi. Ya turo mini saƙo da wasa, wai Yaya a tsaya wa ɗan makaranta mana, ai a wurinka na koya. Ban amsa ba. Matata ta ce mu biyun mun ishe ta da dodanni, ga tukunya a wuta. 'Yata kuma ta turo murya tana tambaya ko na ga zanenta, ko mutanen Baba sun so shi. Ita ma ban amsa ba, na rasa da wace murya zan amsa.

Anti, in tsaya masa in haɗiye, ko in yi shiru sau ɗaya a rayuwata in karɓi abin da na daɗe ina jira?

Naki,
Mai ninke zanen gado

*

Malam mai ninke zanen gado,

Ban yi dariya ba. Mutumin da ke yini ba ya jin yarensa, wurin da yake ji ba abin wasa ba ne a gare shi, ko da dodanni ake tattaunawa.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Ƙaninka ya yi kuskure. Ranar tafiyarka ba tasa ba ce shi kaɗai, bai kamata ya kai ta gaban jama'a ba tare da ya tambaye ka ba, balle ya haɗa da zanen 'yarka. Kuma da ya rubuta layi ɗaya cewa labarin yayansa ne ya tayar masa da nasa, da ya kyauta. Kana da ikon jin zafi, kana da ikon faɗa masa.

Amma ba sata ya yi ba, kai ma ka sani. Ɓarawon labari yana kwafa ne, shi kuwa amsa ya ba ka. Kai ka rubuta yadda abin yake ga wanda ke waje yana tsoron a manta da shi. Shi ya rubuta yadda yake ga waɗanda aka bari a ciki. Yaron da ya riƙe maka jaka ya daɗe da wannan maganar a ransa, kuma ƙani ba ya iya kallon idon yayansa ya ce tafiyarka ta yi mana ciwo. Sai da ka buɗe masa ƙofar dodanni ya samu hanyar faɗa. Kana kishinsa don yana gida, ban sani ba ko ka taɓa tambayarsa nauyin da zaman gidan ya ɗora masa.

Dokarku tambaya ɗaya take yi: aikinsa ne? Amsar ita ce e. To ka tsaya masa, kuma ka yi tun kafin ƙuri'a ta rufe. In ka yi shiru aka kafe naka, duk ranar da ka shiga zaure shi za ka fara gani a sama, kuma kai kaɗai za ka san yadda ya hau. Wurin hutunka guda ɗaya za ka ɓata da hannunka. Maganar sa a kore shi kuwa, cire ta a ranka. Zanen 'yarka na jikin labarin nan, in an sauke shi an sauke ta.

Bayan ka tsaya masa, ka kira shi, ba a rubuce ba, ba a zaure ba. Ka ce labarinsa ya yi kyau, ka ce ya yi maka zafi, duka biyun. Ka faɗa masa daga yau in za a canza ko makullin ƙofa ne a gidan, kana so ka ji. Ba ɓoye maka suka yi ba, sun saba tace maka labari ne don kada su dame ka, har suka tace ka daga cikin ƙananan abubuwan da su ne gida.

Sai 'yarka, ita ce ta fi gaggawa. Yau ka amsa mata. Kuma kafin ka kira, ka sake duba zanen da kyau. Da sabon takalmi ka fita a hannu, ka ce. Ba shi ta zana ba. Ta zana wanda ka bari. Yarinyar da ba ta shiga makaranta ba lokacin tafiyarka ba za ta tuna faci a gefen hagu da baƙin zare ba. Takalmin yana gabanta ta zana shi. Yana nan a gidan, kuma tunda ta sa shi yana ƙyalli, akwai mai goge shi. An canza ƙofa, ba a jefar da shi ba.

Ka tambaye ta a ina ake ajiye shi, wa ke gogewa, sannan ka yi shiru ka saurara. In kuma halinka da takardun zamanka a ƙasar sun ba da dama, ka fara maganar zuwa ganin gida da gaske, ko na ɗan lokaci ne, kada ka bar shi a "wata rana".

Allah Ya sassauta maka zaman baƙunta, Ya shirya tsakaninka da ɗan'uwanka, Ya kai ka ƙofar nan lafiya. In ka isa, ka yi sallama da ƙarfi. Za a amsa.

Anti