Jami'ar da Yaƙi Ya Rufe Ba Ta Aiko Takarda

Zuwa ga Shugaban Ofishin Ɗaukar Ɗalibai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, ina neman ka ba ni aron hankalinka kaɗan. Na zaɓi in yi maganar nan a fili ne domin na zo ofishinka har na gaji, ban taɓa wuce teburin farko ba.

Sunana Rabi'atu, haifaffiyar unguwar Alabar. A nan Kumasi na yi makarantar boko da ta allo. Bayan sakandare na samu gurbin karatu kyauta a wata jami'a a ƙasar waje, inda na yi shekara uku ina koyon ilimin haɗa magunguna. Ana cikin zangon karatu yaƙi ya ɓarke. Muka fito da jakar baya da wayoyinmu, muka bar littattafai da kaya a ɗakin kwana da tunanin za mu koma bayan sati biyu. Har yau jami'ar a rufe take, malamanta sun watsu a duniya.

Da na dawo, na nemi jami'arku ta karɓe ni in ɗora daga inda na tsaya. Ga abin da na tarar.

Na ɗaya, an ce sai tsohuwar jami'ata ta aiko da takardar sakamakona da kanta, a rufe, da hatimi. Yallaɓai, ban ga laifin wannan doka ba. Na san akwai masu zuwa da takardun jabu, kuma ba na so a ba wanda bai iya ba izinin haɗa wa mahaifiyata magani. Amma ofishin da zai buga hatimin babu kowa a cikinsa. Na nuna hotunan sakamakona da na ɗauka daga shafin ɗalibai tun kafin ya daina buɗewa, aka ce hoto ba shaida ba ne.

Na biyu, an ce in kawo wasiƙar shugaban sashenmu. Na yi wata da watanni ina cigiyarsa ta hannun abokan karatu, har na same shi yana gudun hijira da iyalinsa a wata ƙasa. Bawan Allahn nan ya tuna ni. Ya zauna ya rubuta darussan da na yi da irin ƙoƙarina, ya sa lambar wayarsa, ya ce duk mai shakka ya kira shi. Aka dawo mini da ita wai ba a kan takardar jami'a aka rubuta ba. Ba wanda ya kira shi.

Na uku, kuma shi ya fi damuna: ba a taɓa yi mini tambaya ɗaya a kan karatun kansa ba. Wata ma'aikaciya, Allah ya saka mata, ta zaunar da ni ta bayyana mini abin da kuke dubawa ga mai canjin jami'a: ko darussansa sun yi daidai da naku, ko makinsa ya kai, ko halinsa na gari ne. Na ce mata duk ukun ana iya gane su a kaina ba tare da ambulan ba. Ta dube ni ta ba ni haƙuri da yaren gari, ta ce, "Kafra, 'yata, ba ni da iko." Shawararta ita ce in sake farawa daga shekarar farko, in akwai gurbi.

Yanzu ina taya wani mai kemis aiki a Ashanti New Town, ina jera kwalaye ina share kantar shagon. Ba na raina aikin. Sai dai a gida maganar ta wuce kaina. Ƙanwata Zainabu ta gama sakandare da sakamako mai kyau, baffanninmu kuma sun fara ce wa Baba ya dubi yadda tawa ta ƙare kafin ya sake tura wata 'ya mace jami'a. Baba bai ba su amsa ba tukuna. Na san tawa yake jira.

Don haka ina roƙon abu uku. A kira shugaban sashenmu a ji ta bakinsa. A fito da hanya bayyananna domin ɗaliban da makarantunsu suka rufe ba da laifinsu ba, don ba ni kaɗai ba ce a unguwarmu ta Zango, wasu ma sun haƙura sun bar zancen. Sannan a sa mini rana, malamanku su zaunar da ni su yi mini jarrabawar 'yan shekara ta uku, a rubuce da kuma a ɗakin gwaji. In na ci, ku ba ni kujerata. In na faɗi, zan koma shekarar farko da ƙafata, ba za ka sake jin ƙorafina ba.

Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya tsare 'ya'yanka daga ganin abin da muka gani, ya sa ka gama da mutunci.

Wassalam.

Rabi'atu,
Alabar, Kumasi.