Ƙorafi Kan Umarnin Cike Ramin Dankalin Fanta

Daga: Salmanu Daudu, Sarkin Noma,
Unguwar Hamma, ta Tsaskiya, Safana.
14 ga Maris, 1978.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Shirin Ajiyar Amfanin Gona na Ƙauyuka, Batsari.

Game da: Lalacewar dankali a siton Shiri, da ramin da ya rage

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da koke kamar haka:

1. Ranar 20 ga Nuwamba, 1977, malamin gonarku, Malam Surajo, ya tara mu ya karanta takarda cewa binne dankali a rami, cikin toka da busasshiyar ciyawa, ƙazanta ce ta mutanen da. Ya ce sabon sito zai riƙe amfanin dankali ga jiki har wata shida. Ni da bakina na lallashi gida goma sha tara suka cike ramukansu, kuma kunyar hakan tana kaina.

2. Malamin ya sa aka wanke dankalin tas, aka ɗura shi a buhunan leda, aka jibge a ɗakin siminti mai rufin kwano, ba taga. Ko akuyar garinmu ta san dankali ba ya son wanka. Na faɗa masa, ya nuna mini shafi na tara na takardarsa.

3. Da aka buɗe ranar 2 ga Maris, rabi ya ruɓe. Sauran ya yamutse, jan cikinsa ya koɗe, sai zare da ɗaci. Malamin ya toshe hanci da hankici, ya rubuta "an samu ci gaba".

4. Yayata Fanta kaɗai ta ƙi bin umarni. Dankalinta na ramin ƙarƙashin tsamiya yana nan da nauyinsa, cikinsa ja kamar gwaiduwa. Jikata Bara'atu, 'yar shekara biyar, tana fama da dundumi, da magariba ta yi sai lalube. Malamin asibiti ya ce a riƙa ba ta dankali mai jan cikin nan, muka riƙa ba ta na Fanta, kuma cikin mako uku da farawa ta soma gane ƙofar ɗaki da kanta.

5. Yanzu an aiko cewa a cike ramin Fanta kafin ziyararku ta 25 ga wata, wai kada ya ɓata wa Shiri suna. Ashe ramin ne abin kunyar, ba warin da ke tashi daga sito ba.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a janye wannan umarni. Idan kun iso, za a dafa muku na sito da na rami a kwano biyu, gani ya kori ji. In kuwa lalle sai an cike ramin, to a turo mana Malam Surajo da takardarsa, ya riƙa jan hannun Bara'atu kullum bayan faɗuwar rana.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Mai biyayya gare ku,
Salmanu Daudu
Sarkin Noman Unguwar Hamma