Tabon da ke Ƙarƙashin Sirdi

Auta,

Na fita kana barci. Da safen nan na duba keken hawan dutse na marigayi yayanka. Jiya ka jingina shi da ƙofar ƙarfe, ka ɗaure shi da sarƙa tsirara, fentin duk ya karce. Wannan sakaci ne, ba shi da wani suna. An ba ka ne ka hau, ba ka lalata ba.

Mahaifiyarka ba ta gani ba tukuna. Ka san kullum da hantsi take goge shi.

Kafin ta fito, ɗauki gwangwanin shuɗin fenti a tagar ɗakin ajiya, ka ɗiga a inda ya karce. Yanka tsohuwar robar cikin taya, ka naɗe ƙarfen keken da sarƙar ke duka, ka zura sarƙar cikin ragowar, yadda yake yi.

Amma tsohon tabon da ke ƙarƙashin sirdi, kada ka taɓa shi. Nasa ne, ranar da ya faɗi a gangare ya dawo yana dariya. In tana gogewa, a nan hannunta ke tsayawa.

Babanka