Ruwan da Ya Raba Mu a Wadi

Khumra, Jidda

Zuwa ga Yaya Hadjara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan dukkanmu muna raye, ki riƙe wannan kafin ki karanta sauran. In hoton wata farar mota da ruwa ke juyawa ya iso wayarki, tamu ce, amma babu kowa a ciki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maigidana Abdulghani ya ce yalla, mu tashi mu fita shan iska tunda zafi ya sauka. Akwai wani wadi, wato busasshen kogi tsakanin duwatsu, tafiyar sa'a ɗaya da rabi daga gari, inda aka gyara hanyar ƙafa aka kafa rumfuna. Mun tarar rumfunan sun cika, sai muka gangara da mota cikin yashin, muka shimfiɗa darduma a gindin wata bishiya. Sama tas take, ko girgije babu. Ina hura garwashi, shi kuma ya ja hannun 'yarmu Nuha suka tsallaka ɗaya gefen, wai sai ta ga inda hanyar ta ƙare.

Can sai ga wani dattijo mai kiwon raƙuma a kan gaɓa, yana ɗaga mini sanda yana ihu. Na zaci korarmu yake yi, har na kau da kai. Sai na ji rugugi kamar na manyan motoci, ga wata iska mai warin laka. Yaya, ashe an yi ruwa can kan duwatsu inda ido ba ya kaiwa. Ban san yadda na kai gaɓar ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Dattijon ne ya miƙo sandar ya jawo ni. Ina waiwayawa na ga jan ruwa tafe da itatuwa, ya ɗauki motar kamar ƙwarya.

Su kuwa ban gan su ba, wayata tana cikin mota. Na kira sunan Nuha har muryata ta dishe. Dattijon yana ta ce mini hanyar ƙafar ta sama take bi, in dai ba su juyo ba lafiya suke. Ni kuwa na san 'yata, ba ta daɗewa ba ta ce a koma wajen Mama ba. Kusan sa'a biyu ina durƙushe, duk addu'ar da na sani ta gudu sai Innalillahi. Dab da faɗuwar rana na hango uban a kan dutse yana kaɗa mayafinta, ita tana maƙale da ƙafarsa. Ma'aikatan ceto ne suka zagayo da su. Daga baya ya gaya mini sun riga sun juyo, saura taku kaɗan su shiga yashin, ƙaya ta soke ta, ya durƙusa yana cire mata. Tun da na ji wannan ban iya cin abinci sosai ba.

Iƙamominmu, wato katunan izinin zama, sun tafi da motar, amma kafilin Abdulghani, wato ubangidansa da ya tsaya masa, ya ce halas, ba komai, zai tsaya a sabunta. Nuha ce damuwata. Ba ta yarda a buɗe famfo tana kusa, sai dai in yi mata wanka da bokiti, tana riƙe da rigata. Ni ma da zan lallashe ta mai lallashi nake nema. Don Allah ki sa Inna ta yi mata magana a waya, ta tofa mata addu'a. Ko da Larabci za ta amsa, tana jin Hausa sarai. Ki ce wa Inna in ta gama da jikar, kada ta kashe wayar, ni ma ina layi.

Ki gaishe mini da Kawu Isha'aku, Gwaggo Rakia, Na'ibi da iyalinsa. Abdulghani yana gaishe ku. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Rabi'atu