Harsashin da ya rage a bindigar Sani

Daren Laraba, 15 ga Afrilu, 2020. Wangsa Maju, Malesiya.

Barci ya ƙi zuwa. Da la'asar ƙanena Sani ya kira ta bidiyo daga Kano, yana murna an ƙara masa girma a aikin ɗan sanda, har an ba shi ƙaramar bindiga. Baba Idi, tsohon sojan da ya zo asibiti, kullen korona ya rutsa da shi a gidanmu, yana gefena yana cin shinkafar da na yo tapau, wato na sayo a ƙunshe daga gidan abinci.

Sani ya zare gidan harsashi ya ɗaga mana. "Yaya, ka gani, babu komai a ciki, kuma na sa sefti." Yana juya ta, yatsa a kan kunama, Ummi 'yarsa tana rarrafe a gabansa.

Baba ya ajiye cokali, bai ɗaga murya ba. "Ɗana, cire yatsan tukuna. Kawar da bakinta daga wajen yarinyar. Sefti ɗan ƙarfe ne mai tare kunama, yana iya gocewa. Yanzu ja samanta baya."

Sani ya ja. Harsashi ɗaya ya faɗo, ya gangara har gwiwar Ummi.

Baba ya ce harsashin da ya riga ya hau cikin bindiga ba ya bin gidansa ya fita, dole mutum ya duba da idonsa.

Na so in zagi Sani, amma na fasa. Ni ina nan, ko jirgin komawa babu.

Ya sungumi Ummi, ya manta da wayar a ƙasa. Mun daɗe muna kallon silin ɗin ɗakinsu, muna jin tana dariya.