Ɗorawar Gwaggo Hajo

Likoro, daren Laraba, farkon damina

Yau kamfanin da ke share hanyar Makarfi ya kayar da ɗorawar Gwaggo Hajo, wadda take daddawa da kalwarta tun ina goye. Duk itacen da suka shafa wa jan fenti sarewa ake yi, ba a tambayar mai shi. Ta zauna kan kututturen.

Watan jiya saura kaɗan in koma aiki wurinsu. Maigidana Malam Sule, da nake aikin rage rassan itace a wurinsa, mu uku, ya ce, "Je ka, amma can ba ka da ta cewa."

Raina a ɓace yake har yanzu. Amma alhamdulillahi, da ta ɗaga kai ba ni ta gani riƙe da zarto ba.